Da Tsohuwar Zuma Ake Magani, To Jita Fa?

Niyyata a wannan wata mu ci gaba da batun jarrabawar yara, amma wani abu ya gitta wanda na ga bai kamata ya wuce ba mu tattauna shi ba.

Ran Asabar da la'asar wani tsohon ɗalibina ya yi mini sallama. Na koyar da shi a aji shida, yanzu tela ne, da dare kuma yana kaɗa jita a wata ƙungiya da ake gayyata wajen biki da suna. Ko zama bai gama yi ba ya ce, "Malam, na yi tsintuwa." Wai wani mutum a birni ya nuna masa jitar lantarki ƙirar Fender Stratocaster ta shekarar 1962, ya ce ta wani tsohon makaɗin hailaif ce da ya rasu. Kuɗin da aka sa mata ya yi daidai da abin da yaron ya tara cikin shekara biyu don ya sayi keken ɗinki na lantarki. Da na tambaye shi me ya sa ba zai sayi sabuwa ba, sai ya ce, "Haba Malam, ai da tsohuwar zuma ake magani." Na ce masa to, bari mu duba zumar tukuna.

Tun muna kwalejin horon malamai nake ɗan taɓa jita, kuma wannan gardama ta tsohuwa da sabuwa na daɗe ina bin ta. Asalinta a Amurka yake. Wani mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, Leo Fender, shi ya fito da jitar da aka sani da Telecaster a 1950, sa'an nan Stratocaster a 1954, wadda aka sa wa farashin dala 249.50. Kamfanin Gibson da ke Kalamazoo a lokacin ya fito da tasa mai suna Les Paul a 1952. Irin Les Paul da ake rububi a kanta yanzu ita ce wadda aka yi daga 1958 zuwa 1960, kuma duka-duka kimanin 1,700 aka ƙera. Abin mamaki, a lokacin ba ta yi kasuwa ba, har kamfanin ya daina yin ta. Sai da samarin Ingila irin su Eric Clapton suka ɗauke ta a tsakiyar shekarun 1960 kana duniya ta waiwayo, Gibson ya dawo da ita a 1968. Yau ɗaya daga cikin waɗancan 1,700 takan kai dala dubu ɗaruruwa.

A watan Janairun 1965 Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS a kan dala miliyan 13. Sababbin masu kamfanin suka sa gaba wajen yawan kaya. Aka faɗaɗa kan jitar, aka koma wani fenti mai kauri kamar roba, a 1971 kuma aka rage kusoshin da ke riƙe wuya daga huɗu zuwa uku. Makaɗa suka fara gunaguni, suka shiga neman na da. Daga nan kalmar "tsohuwa" ta zama kuɗi. Masu ƙira na Japan irin su Tokai da Greco suka lura da haka, suka riƙa kwaikwayon tsofaffin da kyau, har suka fi na Amurka na lokacin kama da asali. Wannan ya sa Fender ya farka. A 1982 ya fito da sababbin jitoci a kan tsarin na 1957 da 1962, ya kuma kafa reshe a Japan. Gibson ya buɗe nasa sashen maimaita tsofaffin ƙira a 1993. A 1995 Fender ya ƙara gaba, ya fara sayar da sabuwar jita wadda aka kankare wa fenti, aka sa wa ƙarafanta tsatsa da gangan, don ta yi kama da wadda ta sha hannu shekara arba'in. Kamar dai mutum ya ɗinka sabuwar riga ya biya ƙarin kuɗi a koɗar masa da ita.

To, mene ne ainihin bambancin tsohuwar da maimaicinta? Na farko katako. A shekarun 1950 da farkon 1960 ana shimfiɗa wa wuyan jita wani baƙin katako daga Burazil, wanda tun 1992 yarjejeniyar duniya ta kare itatuwa da dabbobi ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, saboda ya kusa ƙarewa. Yanzu galibi danginsa na Indiya ake sawa. A nan ma akwai abin da ya shafe mu. Jitar Flying V da Gibson ya fitar a 1958, wadda ba a yi ko ɗari ba a zubin farko, da katakon dazukan Afirka ta Yamma aka yi ta. Amurkawa suna ce masa korina, mutanen Asante suna ce masa ofram, kafintocinmu kuwa suna yin benci da kabad da shi ba tare da wani biki ba.

Na biyu fenti. Na da siriri ne, yana tsattsagewa yana koɗewa da shekaru. Maimaici masu tsada suna amfani da irinsa, masu araha kuwa mai kaurin ake shafa musu. Masu son tsohuwa sukan ce siririn fenti yana barin katako ya yi numfashi. Ni dai a ganina abin da ya fi tasiri shi ne yadda wuyan ke zama a tafin hannu.

Na uku, kuma shi ne babba, kunnen jita. Jitar lantarki ba ta da ƙoƙo kamar garaya ko molo. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, a Stratocaster naɗi wajen 8,000. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa, sai kunnen ya mai da motsin ya zama ɗan ƙaramin lantarki, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, lasifika ta fitar. A da ma'aikata ne ke lura da naɗin da ido da hannu, saboda haka wani kunnen ya zarce, wani ya gaza. Shi ya sa jita biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a mako ɗaya ba su cika yin murya ɗaya ba. Yanzu injin da kwamfuta ke sarrafawa shi ke yanka katako, ana kuma ƙirga naɗi daidai. Ke nan a cikin tsofaffi akwai gwanaye akwai kuma kurame, sababbi kuwa kusan duk kansu ɗaya. Kada kuma mu manta, tsofaffin da muke ji a faifai zaɓaɓɓu ne. Marasa daɗin an karya su, ko an cire kayan jikinsu, ko suna can ƙarƙashin gado babu mai labarinsu.

Akwai kuma inda sabuwa ta fi. Tsohuwar Stratocaster makunninta matsayi uku gare shi, sai a 1977 aka mai da shi biyar. Wuyanta ya fi lanƙwasa, abin da kan shaƙe sauti idan makaɗi ya tura tsirkiya sama sosai. Ƙarafan da ke kan wuya sukan cinye, wayoyi su tsufa, makunni ya riƙa ƙara. In kuwa ka canja mata ko kusa ɗaya, masu tara kayan tarihi za su ce darajarta ta faɗi. Wato mai tsohuwar jita kullum yana tsakanin abu biyu: ya gyara ta yi aiki kuɗinta ya ragu, ko ya bar ta yadda take ta zama kayan kallo.

Shin kunne yana iya rarrabewa? A kan gogen Turawa dai an yi gwaji. A 2012, a birnin Paris, wata mai bincike Claudia Fritz da abokan aikinta sun tara gwanayen goge goma, suka sa musu baƙin tabarau, suka ba su goge goma sha biyu, shida sababbi, shida kuma tsofaffin Italiya, har da na Stradivari masu shekara wajen ɗari uku. Shida daga cikin goman sabo suka zaɓa, kuma da aka ce su faɗi wanne ne tsoho wanne ne sabo, amsarsu ba ta wuce ta mai canke ba. Na sani goge daban jita daban, amma darasin ya isa mutum ya yi hattara da abin da ido ke gaya wa kunne.

Dubi ma jitocin da suka yi suna. Baƙar jitar Clapton, wadda ake kira Blackie, haɗe-haɗe ce. A 1970 ya sayi tsofaffi shida a garin Nashville, ya kyautar da uku, sauran ukun ya tsinci wuyan wannan da jikin waccan ya haɗa ɗaya. A 2004 an sayar da ita dala 959,500. Baƙar jitar David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd ƙirar 1969 ce, wato ta zamanin CBS da ake kushewa, kuma an sha canja mata wuya da kunnuwa, amma a 2019 ta kai dala 3,975,000. Jimi Hendrix ma da ƙirar 1968 ya yi kiɗansa na Woodstock a 1969, lokacin tana sabuwa fil. Abin da aka saya a waɗannan gwanjo shi ne hannun da ya riƙe jitar da tarihin da ke bayanta.

Mu a nan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, wanda ake yi da gwangwanin kifi da fata, ya zagaya duniya. Mdou Moctar na ƙasar Nijar, wanda yanzu Turai da Amurka ke gayyata, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke.

Mu koma kan ɗalibina. Washegari muka shiga mota muka je muka ga jitar. Da ganin kanta na san akwai magana, domin faffaɗa ne, alhali faffaɗan kai sai a ƙarshen 1965 ya fara. Na juya bayanta, kusoshin wuya uku. Fentin kuwa mai kauri ne, an bi shi da sanfefa a inda hannu ba ya ma taɓawa. Na ce wa mai ita, "Maigida, ka yarda mu kwance wuyan? Fender na wancan zamani akan rubuta wata da shekara a gindin wuya." Sai ya ce shi ba a kwance masa kaya, in muna saye mu saya. Muka yi masa sallama. Ban ce lalle mutumin macuci ne ba, mai yiwuwa shi ma haka aka sayar masa. Abin da na tabbata shi ne jitar nan ba ta ga shekarar 1962 ba.

A mota yaron ya yi shiru har muka yi nisa, sa'an nan ya ce, "Malam, to yanzu wacce zan saya?" Amsar da na ba shi ita zan ba duk wani matashi namu mai wannan sha'awa. Tsohuwar jita ta gaske kadara ce ta masu tara kayan tarihi, kuma wanda ya san darajarta ba zai sayar maka da ita a kuɗin keken ɗinki ba. In ka ji araha ta yi yawa, ka tsaya ka yi tambaya. Kai mai neman abin aiki ne, wanda zai shiga bayan mota, ya sha raɓar damina da bushewar hunturu, abubuwan da ke tsattsaga tsohon fenti su karkata wuya. Maimaici na Meziko ko Japan, ko Squier da Epiphone waɗanda su ne ƙannen Fender da Gibson, sun ishe ka. Ka kaɗa ta kafin ka biya, da lantarki da kuma babu lantarki. Ka duba wuyan ko ya miƙe, ka murɗa kowane makunni ka ji. Ragowar kuɗin ka kai ta wurin gwanin gyara ya daidaita maka tsayin tsirkiya, ka kuma nemi amfilifaya mai kyau, don rabin muryar daga nan take fitowa. In amfilifayar ta Amurka ce ka duba bayanta, domin tasu wutar 120 ce, tamu kuwa 230.

Yanzu dai ya sayi kekensa na ɗinki. Ya ce in Allah ya kai mu bayan salla, idan ɗinki ya yi albarka, zai nemi maimaici na hannu. Tsohuwar jitarsa ta da, wadda ya raina, mun canja mata tsirkiya mun daidaita wuyanta, kuma da ita ya yi bikin makon jiya. An ce mata sun yi rawa har ƙura ta tashi, babu wadda ta tambayi shekarar da aka ƙera ta.

Duk mai wata tsohuwar jita da ya gada a gida, kada ya yi gaggawar sayarwa, kada kuma ya yi mata sabon fenti. Ya rubuto mana ta hannun edita ya faɗi kamanninta, za mu duba tare. Batun jarrabawa kuwa yana nan, sai wata mai zuwa in Allah ya yarda. Ku huta lafiya.