Sheƙa da Tsinta: Martani ga Masu Cewa Hausa Ba Ta Shiga Ɗakin Gwaje-gwaje

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu 'yan boko na Nima da Maamobi da Kokomlemle, wai Hausa harshen kasuwa ne da wa'azi, amma da zarar an kai ƙofar ɗakin gwaje-gwaje sai ta tuɓe takalmi ta tsaya a waje. Wannan magana lalaci ce aka yi wa rawani. Zan gwada ta da darasin da ake ganin ya fi kowane tsauri, wato yadda ake koya wa ɗaliban jami'a gyaran furotin ta hanyar maimaita zaɓen iri.

Furotin sarƙa ce da ake ƙullawa daga sinadarai iri 20, kuma yadda aka jera su shi ke yanke aikin da za ta yi. Wasu furotin ɗin ma'aikata ne masu hanzarta haɗuwar sinadarai ko wargajewarsu, su ake kira enzayim. Masana sun daɗe suna ƙoƙarin gyara su da lissafi, abin yana gagara. Sai Frances Arnold ta jami'ar Caltech a Amurka ta bi hanyar manomi. A 1993 ta ɗauki enzayim mai suna subtilisin, dangin wanda ake sawa a garin sabulun wanki, ta yi ta kwafar ƙwayar gadonsa da kurakurai na ganganci, ta zuba kwafe-kwafen cikin bakteriya, ta ware waɗanda suka fi narkar da furotin ɗin madara, ta sake kwafarsu. A zagaye na uku ta sami wanda ya ninka na asali sau 256 wajen aiki cikin wani ruwan sinadari da ke kashe ƙarfinsa. Sauye-sauye 10 ne suka taru a jikinsa, waɗanda ba mai iya hasashensu tun farko. Wannan aiki ya ba ta rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2018.

To, ina kalmar da ta gagari Hausa a nan? Kuskuren da ake jawowa wajen kwafi, duk almajirin da ya taɓa juyar littafi da tawada ya san shi: tuntuɓen alƙalami ne, sai dai a nan da niyya ake sa alƙalamin tuntuɓe, har akan ƙara ɗan sinadarin manganis don kuskuren ya yawaita. Tarin dubban kwafe-kwafen da aka samu kuwa rumbu ne.

Inda na fi so ɗalibin Hausa ya tsaya shi ne wajen rarrabewa, domin hanyoyi biyu ne, kuma ɗalibai da yawa kan cakuɗa sunayensu na Turanci har ranar jarrabawa. A ta farko, ana shuka bakteriyar a faranti mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, kamar amfisilin. Wadda enzayim ɗinta bai iya karya maganin ba ta mutu, mai ƙarfi ta rayu. Mai binciken bai duba kowace ɗaya ba, yanayin ne ya yi masa aiki. Wannan sheƙa ce: iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zauna. A ta biyu, babu mai mutuwa. Ana bin su ɗaya bayan ɗaya a faranti mai ramuka 96, ana auna launi ko haske, ana ɗaukar na kirki. Wannan tsinta ce, irin ta mai tsince tsakuwa daga shinkafa. Sheƙa na cin miliyoyi a dare ɗaya amma ba ta gaya maka dalili. Tsinta na da jinkiri amma kana ganin abin da ka ɗauka. Yarinyar da ta tashi a gidan mai sayar da waake a Nima ba za ta taɓa rikita waɗannan biyun ba.

Kalmar da nake adawa da ita ita ce “juyin halitta”, wadda masu fassara ke liƙa wa wannan fanni. Da uba a Zango ya ji ta, sai ya zaci gardamar asalin ɗan Adam za a koya wa ɗansa, alhali aikin bai wuce abin da makiyayi ke yi ba sa'ad da ya ware bijimin da zai bar wa garke. Fassarar da ke korar ɗalibi daga darasi ta ci amanar harsunan biyu.

Za a ce ai da Turanci ake koyarwa a Legon, kuma da shi ake buga sakamakon bincike. Haka ne, ban kuma nemi Cibiyar Noguchi, wadda aka kafa a 1979, ko cibiyar WACCBIP ta Jami'ar Ghana su sauya harshe ba. Abin da nake cewa shi ne, ɗalibin da ya haddace matakan nan daga allo, bai taɓa riƙe bututun gwaji ba, bai kuma iya bayyana wa mahaifiyarsa abin da ya karanta ba, aku ne mai takardar shaida. Malamin da ke son ya gane ko ɗalibinsa ya fahimta, ya sa shi ya yi zagaye ɗaya da hannunsa, sa'an nan ya ce ya faɗi abin da ya yi da Hausa, ko Twi, ko Ga. A nan ake gane mai hadda, domin babu kalmar aro da zai ɓuya a bayanta.

Masu raina harshen su tuna cewa a ƙasar nan Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta tarihi da bayanin al'adu da Hausa, tun ba a aza tubalin jami'ar da suke taƙama da ita ba a 1948.