Gaisuwa a Filin Ƙwallo

Ya ku yara, in an tambaye ku abin da ya fi kome daɗi ranar wasan ƙwallo, na san za ku ce cin nasara. Ni ma dā haka nake zato. Amma na ga wani abu a ƙasar Amurka wanda ya sa na sake tunani.

An aike ni ƙaro ilmi a Jami'ar Ayowa. Ran nan, wata Asabar da kaka, sai abokina Ba'amurke ya ce mini, "Malam, yau 'yan wasanmu a gida za su yi, zo mu tafi kallo." Wasan gida kuwa shi ne wanda ake yi a filin makarantarku, abokan karawarku su zo baƙunci.

Tun da hantsi gari ya cika maƙil. Kusan kowa ya sa tufafi baƙi da rawaya, watau launin makarantar. Ga tsofaffin ɗalibai sun zo da jikokinsu, ga masu gasa nama a bayan motoci, ga 'yan badujala suna ta busa. An gina filin a 1929, daga baya aka sa masa sunan Nile Kinnick, wani ɗalibi gwanin wasa wanda ya rasu a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yana ɗaukar mutum wajen 69,000.

Ƙwallonsu ba irin tamu ba ce. Siffarta kamar ƙwai, da hannu ake ɗaukarta a ruga da gudu, abokan karawa kuwa su yi ta ƙoƙarin kā da mai ita. Saboda haka kowa yakan sa hular kwano. Kowane gefe mutum 11 ne, wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci wa nasu maki 6. An raba wasan kashi 4, kowane kashi minti 15.

Da aka soma, kai, ihu sai ka ce aradu! Ko maganar na kusa da kai ba ka ji. Ana cikin haka kashi na fari ya ƙare. Sai na ga jama'a duk sun miƙe, sun fuskanci wani dogon bene da ke daura da filin, suna ɗaga masa hannu. 'Yan wasan gida, da na baƙi, har da alƙalan wasa, kowa ya ɗaga nasa.

Na tambayi abokina dalili. Ya ce benen nan asibitin yara ne. Can a hawa na 12 akwai manyan tagogi, inda akan kawo yara marasa lafiya da iyayensu su yi kallo. Su ake gaisarwa. A 2017 aka fara wannan al'ada, bayan wata mata ta ba da shawarar a Facebook. In wasan dare ne, sai kowa ya kunna fitilar wayarsa ya ɗaga. Na duba sama, na hangi 'yan hannuwa suna amsawa. Ban san sa'ad da na ɗaga nawa ba.

A ganina, wannan ɗan lokaci ya fi dukan wasan daraja. Wani zai ce, "Ai ɗaga hannu ba magani ba ne." Gaskiya ne, ba ya warkad da kowa. Amma ku tuna, mai zuwa dubiya ba allura yake kawowa ba, duk da haka majiyyaci yakan ji sanyi in ya gan shi. Yaron da ya daɗe a kwance, ba ciwo kaɗai ke damunsa ba, har da zaton an manta da shi. Ranar da dubban mutane suka juyo suka dube shi, ya san ba a manta ba.

Su masu gaisuwar ma sun ƙaru. Mutumin da ya iya dakatad da ihunsa wasa na tsakiyar zafi, don ya tuna da wanda ba shi da ƙarfi, to, ya mallaki zuciyarsa. Kuma da wuya ka ƙi mutumin da yanzun nan kuka ɗaga hannu tare da shi.

Abin da ya sa na ba ku labarin nan shi ne, cikin yawon duba makarantu na taɓa ganin wasan da ya ƙare da jifa. An ci 'yan gida, sai suka raka baƙinsu da duwatsu. A makarantar nan kuwa akwai yaron da ya yi wata guda a kwance, ko ɗaya daga cikin 'yan ajinsu bai leƙa shi ba. Suna da ƙarfin jifa, ba su da ƙarfin zuwa dubiya.

Saboda haka, in an zo wasa makarantarku, ku yi wa naku kirari iyakar muryarku, wannan ba laifi ba ne. Amma ku ba baƙi ruwa, ku yi sallama da su da fara'a, ko kun ci ko an ci ku. Sa'an nan ku duba wanda ba ya cikinku saboda ciwo, ku biya gidansu ku ba shi labarin wasa. Ni dai yau na manta yawan makin da aka ci ran nan, amma ban manta da hannuwan nan na taga ba.

Tambayoyi
1. Mene ne wasan gida?
2. Su wa ake gaisarwa a filin Kinnick?
3. Wa ya kamata ku je dubawa cikin makon nan?