Adalcin Alƙali A Wasan Dodanni

A cikin shekarar 1974 wani ƙaramin kamfani mai suna TSR, a garin Lake Geneva na Jihar Wiskonsin ta Amurka, ya buga waɗansu 'yan littattafai uku cikin akwati, kwafi 1,000, ana sayar da kowane akwati dala 10. Sunan abin Dungeons & Dragons, Gary Gygax da Dave Arneson ne suka tsara shi. Wasa ne na zaune, ba kuwa caca ba ne. Mutane su kan kewaye tebur da takarda da fensir da 'ya'yan ludo, kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, ko mayaƙi ko boka, su shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa neman dukiya. Mutum ɗaya shi ne alƙali. Shi ya zana taswirar wurin ya ɓoye, shi ke faɗin abin da jarumawa suka gani, shi ke magana da bakin dodanni. Idan aka yi ta ci gaba da labari ɗaya mako bayan mako, wani lokaci har shekaru, to an kafa doguwar tafiya ke nan, kamar ta Blackmoor wadda Arneson ya riƙa gudanarwa a Minesota tun wajen 1971.

Mai karatu zai ce ai wannan tatsuniya ce aka yi wa riga. Akwai bambanci. Mai tatsuniya ta san inda Gizo zai ƙare tun ba ta buɗe baki ba. Alƙalin tsohon salo kuwa bai san ƙarshen labarinsa ba, bai kuma kamata ya sani ba. Aikinsa ya shirya wuri da mazaunansa, sa'an nan ya bar 'yan wasa su zaɓi hanyarsu.

Dokokin da Tom Moldvay ya tace a 1981 sun nuna nauyin da ke kansa. Sabon boka yana farawa da ƙarfin rai kamar 1 zuwa 4, alhali sara ɗaya na iya cire 6, kuma wanda nasa ya ƙare ya mutu. Mayaƙi yana bukatar maki 2,000 kafin ya hau mataki na biyu. Kashe ƙaramin dodo maki 5 ne kacal, amma kowane tsabar zinariya da aka fito da shi maki ɗaya ne. Watau dokar da kanta tana koyar da cewa dabara ta fi faɗa riba. Wanda ya yi lallashi, ko ya ba da cin hanci, ko ya ari ta kare, ya fi mai zare takobi tsawon kwana.

Har ila yau akwai lissafin lokaci. Kowane zagaye minti 10 ne, jiniya kuwa zagaye 6 take ci ta mutu. Bayan kowane zagaye biyu alƙali ya jefa ɗan ludo, in ya faɗi a kan 1 sai ga dodo mai yawo ya ɓullo. Gygax ya nanata a littafinsa na alƙalai na 1979 cewa tafiyar da ba a kiyaye lissafin lokacinta ba ta rasa ma'ana. Dalili a fili yake. In jiniya ba ta ƙarewa, ba wanda zai yi shawara tsakanin buɗe wata ƙofa da komawa gida.

To, a nan jarrabawa take. Ɗan wasa ya yi wata shida yana renon jaruminsa, ga shi an jefa ɗan ludo a bayan kariya inda ba mai gani sai alƙali, ya nuna mutuwa. Sauƙi ne ya yi ƙarya don tausayi. Amma son zuciya ɓacin zuciya. Ran da 'yan wasa suka gane ana yi musu sassauci, duk nasarar da suka samu a baya ta zama kyauta, tsoro ya gushe, daɗin wasan ya bi shi. Tausayin da ya halatta shi ne na kafin aukuwa: ya nuna musu ƙasusuwa a bakin rami, ya jiyar da su warin dodo, ya amsa tambayarsu da gaskiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya ƙi ji kuwa, a ba shi 'ya'yan ludo uku ya jefa sau shida ya fid da sabon jarumi, aikin 'yan mintoci ne.

Gygax ya rasu a 2008, Arneson a 2009, kamfanin TSR kuwa Wizards of the Coast ta saye shi tun 1997. Duk da haka masu sha'awa sun farfaɗo da tsohon salon da littattafai irin su OSRIC na 2006 da Labyrinth Lord na 2007. Dokokinsa kaɗan ne, saboda haka yawancin hukunci daga bakin alƙali yake fitowa nan take. Wanda zai zauna a wannan kujera sai ya rubuta hukuncin da ya yanke yau, domin gobe ya yanke wa wani irinsa, ko da abokinsa ne.