Sayi Bindigar da Kafaɗarka Za Ta Ɗauka

Ina da ja da masu zuwa farautar ɓauna a dazukan arewacin Kamaru, wajajen Binuwai da Faro, ɗauke da bindiga mai baki biyu da ta fi ƙarfinsu. In ka tambaye su dalili, sai su ce ai babbar dabba sai babban harsashi. Ni kuwa na ce wannan girman kai ne, kuma girman kai rawanin tsiya.

Mu duba lissafi. Harsashin .450/400 Nitro Express nauyinsa kusan giram 26 ne, na .470 kusan giram 32, na .600 kuwa ya kai giram 58. Duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba, shi ne ke dawowa ya shuri kafaɗar maharbi. Wanda bindiga ta shura sau uku ko huɗu, jikinsa zai koyi tsoro ko bai so ba. Kafin ya ja kunama ya riga ya runtse ido, ya zabura, saiti ya kauce. Harsashi giram 58 da ya sami ɓauna a ciki bai kai giram 26 da ya shiga zuciya amfani ba.

Kuma wa ke biyan kuɗin wannan kuskure? Ɓaunar da aka raunata cikin ciyawa take shiga ta laɓe. Mai bin sawu, ɗan ƙauyen nan da aka ɗauka aiki, shi ke gaba, sau da yawa ba ko bindiga a hannunsa. Baƙo ya harba don fariya, talaka ya tari ƙaho.

Za a ce mini .470 ita ce ta manyan maharba tun 1907. Gaskiya ne, kuma ban raina ta ba. Amma waɗannan mutane ne da harbi ya zame musu sana'a. Jim Corbett, wanda ya kashe damisoshin Kumaon masu cin mutane a Indiya, ya riƙe .450/400 mai baki biyu, ba wanda ya ce masa rago. Dokar ƙasashen Afirka da dama ma .375 ta ajiye a matsayin mafi ƙanƙanta ga dabbobi masu haɗari.

Shawarata ga mai saye ita ce ya zaɓi .450/400 mai nauyin kilo huɗu da rabi zuwa biyar, domin nauyi na rage shuri. Ya tabbatar tsawon gindinta ya dace da hannunsa. Ya riƙe irin harsashin da maƙera suka daidaita bakunan biyu da shi, in ba haka ba kowane baki zai jefa nasa wuri daban. Sannan ya gwada harbi biyu a jere, a tsaye, daga mita 50. In duka biyun suka faɗa cikin faɗin faifai, ya shiga daji. In ba su faɗa ba, ya koma gida ya ƙara koyo, ya bar ɗan mutane da ransa.