Saura dare biyu a rufe tashen bana a Damri

1/ Yau 18 ga azumi. Saura dare biyu tashe ya lafa a garinmu Damri, ni kuma tun da rana jikina a sanyaye yake kamar wadda ta raka baƙo tasha. Bari in yi zare a kai. Yana da ɗan tsawo, mai haƙurin karatu ya biyo ni.

2/ Ga wanda bai san wajenmu ba, Damri tana cikin ƙaramar hukumar Bakura a jihar Zamfara, maƙwabtanmu su ne Talata Mafara da Maradun. In ka taɓa jin sunan garin a labarai, na san ba a kan abin daɗi ka ji shi ba.

3/ A watan Mayun 2022, kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah, 'yan bindiga suka afka wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe. An ruwaito aƙalla mutum 48 suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Amma tun kafin ranar ma dare ya riga ya daina zama namu.

4/ An ɗauki shekaru a unguwarmu ba yaron da ya fita tashe. Ba wanda ya kafa doka fa. Kawai dai ba uwar da za ta bar ɗanta ya wuce zaure bayan magariba, kuma wa zai ga laifinta? A haka abin ya mutu shiru, ko jana'iza ba a yi masa ba.

5/ Bana na dawo hutu daga jami'a. Daren 10 ga wata muna tsakar gida ana shan kunu sai na ji ana bugun gwangwani a ƙofa. Wallahi sai da gabana ya faɗi tukuna, don kunnenmu ya saba fassara kowace ƙara da mugun abu. Ashe yara ne, su bakwai.

6/ Ɗaya ya manna gemun auduga ya duƙa da sanda, ɗaya an ɗaura masa igiya a ƙugu, autarmu kuma ta zurma babbar rigar Baba tana jan ta a ƙasa. Suka yi sallama, aka ce su shigo. Suka fara. Nan na gane akwai matsala: ba su iya ba.

7/ Sun san sunan wasan, sun san shigar, amma waƙar rabi suka riƙe. Inda ta ɓace musu sai su cike da wani amshi da suka ji a waya. Tsoho da Gemu ya koma rabin tashe rabin waƙar fim. Kowa na dariya, ni kam dariyar ta tsaya min a wuya.

8/ Sai kakarmu ta ajiye ludayi ta ce, "Ku tsaya. Ba haka anka yi shi ba. Mu da munka yi abin ga muna nan da rai, ku zo nan." Tana zaune kan tabarma ta rera musu, suna maimaitawa. Matar da ko hira ta rage yi tun bayan abin da ya faru.

9/ Daga ranar duk dare gidanmu suke fara zuwa, a yi musu gyara, sannan su zaga gida biyar ko shida na kusa, su dawo kafin a tada isha'i. Ba sa nisa. Dare na uku 'yan mata suka kifa ƙwarya a ruwa, dare na biyar Mairama da Daudu ya zauna daram.

10/ Ni dai ban tsallake dare ko ɗaya ba. Wasa ɗaya ne, yara ɗaya ne, amma ba daren da ya yi kama da na jiya. Jiya Jatau Mai Magani ya manta sunan saiwa ya ƙirƙiro tasa, har maƙwabcinmu ya sarƙe da ruwa. Wanda bai zo jiya ba, ya rasa ta har abada.

11/ To ga abin da nake son faɗa. Muna yawan cewa al'ada ba ta mutuwa, in an samu lafiya za ta dawo da kanta. Gaskiya ban yarda ba. Wata al'adar tana iya jira. Tashe ba ya jira, kuma lissafin a fili yake.

12/ Masu tashe yara ne, kamar daga shekara 7 zuwa 14. Ba malami, ba littafi. Ɗan 8 yana koya ne daga bin ɗan 12 a baya yana riƙe masa ƙwaryar hatsi. In aka yi shekara biyar ba a fita ba, waɗanda suka iya sun girma sun ji kunya, na ƙasa ba su taɓa gani ba.

13/ Shi ke nan igiya ta tsinke. Abin da na gani a tsakar gidanmu ke nan daren farko. Ba don Allah Ya bar mana tsohuwa mai ƙwaƙwalwa ba, da rabin waƙar nan ya tafi, kuma ba wanda zai ma san an yi asara.

14/ Kwatanta da wasu wurare. A Amurka akwai unguwar gidajen wasan daɓe a New York da ake kira Broadway, inda ake wasan kwaikwayo mai haɗe da waƙa da rawa. Wani wasa mai suna Chicago an fara shi 1975, aka rufe 1977, aka farfaɗo da shi 1996.

15/ Kusan shekara 20 yana ajiye, amma da aka tashi dawo da shi ba a nemi kakar kowa ba. Maganganun a rubuce suke, kiɗan a rubuce yake. Shi ya sa su rufe wasa a wajensu kamar rufe shago ne, makulli na aljihu.

16/ Duk da haka suna kuka in za a rufe. Lokacin da The Phantom of the Opera ya yi wasansa na ƙarshe a can a Afrilun 2023, bayan shekara 35, masoyansa sun yi ta jimami. Da can ina ganin abin kamar shagwaɓa. Yanzu na fahimce su sarai.

17/ Abin da ake yi a gabanka da rai daban yake da fim. Kana jin numfashin mai waƙar, yana ganin fuskarka, in ka yi dariya ya ƙara. Kai ma kana cikin wasan. Ranar da aka rufe, ba wasan kaɗai ya tafi ba, har da kai ɗin da kake zama a wurin.

18/ Wani zai ce ai ga waya, a ɗauka a ajiye. Na ɗauka, wayata ta cika. Amma mu a nan mun san iyakar abin da ɗauka ke yi. Makaɗa Musa Ɗanƙwairo ɗan ƙasar Bakura ne, a Maradun ya yi suna, ya rasu 1991. Har gobe muryarsa na tashi a kasuwa da cikin mota.

19/ Faifai ya riƙe mana Ɗanƙwairo saboda abin da muke so a wajensa muryarsa ce da azancinsa. Tashe ba shi da tauraro. Daɗinsa shi ne ɗan maƙwabcinka ne, wanda ka aika sayen magi da safe, ya dawo maka da dare da gemu yana kwaikwayon tafiyarka.

20/ Bidiyon tashe zai nuna wa jikokinmu cewa an taɓa yi. Ba zai sa su iya ba. Kamar hoton tuwo ne a wajen mai azumi.

21/ Na san akwai masu ganin ba a yi asarar komai ba. Bari in faɗi hujjojinsu da adalci. Na farko: wata ne na ibada, ba na kiɗa ba. Na ji. Amma yaran nan kafin isha'i sun gama, kuma al'adar da kanta takan ja baya in goman ƙarshe ta shigo, a bar wa tahajjud dare.

22/ Asalin sunan ma daga tashi ne, tashin mutane sahur. Cikin azumi aka haife shi, ya san iyakarsa. Kuma duba abin da ke ciki: ana yi wa marowaci dariya, da malamin da ke faɗa ba ya aikatawa, da yaro mai ƙiriniya, da gwauron da ya ƙi aure. Wa'azi ne da bakin yara.

23/ Na biyu: bara ce aka sa wa riga. Ban ƙi ba, akwai yaran da ke tare hanya su buga gwangwani sau biyu su miƙa hannu. Wannan ba tashe ba ne, gawarsa ce. Kuma rashin koyarwa ne ya haife shi. Yaron da ya iya wasan ba ya roƙo, da kanka kake ɗebo gero.

24/ Na uku, mafi nauyi: tsaro. A Kano, garin Nalako sarkin gwagware, 'yan sanda sun hana tashe a 'yan shekarun nan, har da 2025, saboda 'yan daba na fakewa da shi suna ƙwace. Mu kuma namu tsoron ya wuce na ƙwacen waya. Ba na raina wannan ko kaɗan.

25/ Kada wani ya karanta zaren nan ya ɗauka lafiya ta dawo Damri. Ba ta dawo ba. Har yanzu kunne a buɗe muke kwana. Ba zan ce wa kowace uwa ta saki ɗanta cikin dare don raya al'ada ba. Rai ya fi waƙa.

26/ Amma tsakanin a saki yara su kwana a titi da a bar abin ya mutu, akwai fili mai faɗi. Yaranmu sun nuna shi: gida shida, awa ɗaya, babba na biye da su a baya. In ma dare bai yiwu ba, a yi bayan la'asar a filin firamare. A rage shi, kada a yanke shi.

27/ Don abin da 'yan bindiga suka ƙwace mana ba shanu da gonaki kaɗai ba ne. Akwai yara a garin nan da suka fi sanin ƙarar babur daga nesa fiye da ƙarar ƙwarya a ruwa. Wannan asarar ba ta shiga rahoto, ba mai biyan diyyarta, mu kaɗai za mu iya maido ta.

28/ Mu ɗalibai kuma da namu laifin. Muna zuwa Sakkwato da Gusau da Zariya muna rubuta jarrabawa a kan wasan kwaikwayon gargajiya, mu samu maki, mu dawo gida mu wuce kakanninmu a tabarma ba mu tambaye su komai ba. Ni ce ta farko a wannan layin.

29/ Abin da na ƙudura: kafin in koma makaranta zan zauna da kaka in rubuta duk wasan da ta tuna, da shigarsa da yadda ake amshi, da Zamfarancinta yadda ta faɗa, ba gyara. Littafin zai zauna a gida wajen autarmu, ba a akwatina ba. Baɗi ita ce mai koyarwa.

30/ Ɗazu na ji ta tana tambayar kaka ko baɗi ma za a yi. Tsohuwa ta yi shiru, can ta ce, "In Allah Ya kai mu, ke za ki gyara musu, ni na gaji." Ta faɗa da wasa, amma duk wanda ke wurin ya ji abin da ke ƙarƙashin maganar.

31/ Saura dare biyu. Gobe in sha Allahu ba zan ɗaga waya ba, ido kawai zan sa. In a garinku ana yi har yanzu, ku fito ku kalla, ku ba su ko da ƙwaryar gero ce. In an daina, ku nemi tsohuwar unguwa tun tana nan.

32/ Ku faɗa min: wane wasa kuka yi kuna yara, kuma akwai yaro a gidanku yau da ya iya shi har ƙarshe? Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya ba Zamfara lafiya, Ya maido mana da darenmu. A sha ruwa lafiya.