Rabon gado ma lissafi ne

Wasu yara suna cewa lissafi na lakwal ne, babu ruwan makarantar allo da shi. Wannan kuskure ne. A dubi aikin malamin da aka kira rabon gado.

Wani mutum ya rasu, ya bar mata ɗaya, ɗa ɗaya da ɗiya ɗaya. Iyayensa sun riga shi. Malam ba ya fara rabo nan take. Sai an fidda kuɗin likkafani, an biya bashi, an cika wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi. Tumaki 24 suka rage. Malam ya tambaya: mamacin yana da ƴaƴa? In babu, matar ta ɗauki rubu'i. In akwai, tumuni. A nan akwai, sai ta samu tumaki 3. Sauran 21 a kasa su uku: ɗa ya ɗauki 14, ɗiya 7. In an tsallake bashi, an ci haƙƙin wani, rabon duka ya ɓaci.

Haka ake tsara wa kwamfuta aiki, mataki bayan mataki, in kaza ne a yi kaza. Faransawa suna kiran wannan tsari algorithme. Kalmar ta fito daga sunan Alhawarizmi, wani malami na Bagadaza. Wajen shekara ta 820 ya rubuta littafin aljabara, kuma babban sashe na littafin lissafin gado da wasiyya ne.

Ya kamata a riƙa ba yara irin wannan lissafi a aji. Yaron da ya iya shi, ranar da aka zauna rabo a gidansu, zai gane ko an ba uwarsa tumuninta cikakke.