Kyan Ɗan Maciji a Kan Kantar Kicin

Wani yayi ya shigo gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, har ya iso Anka da Gummi da Bukkuyum: a shafe kantar kicin ko teburin girki da fentin mai, ja ko rawaya, sannan a bi shi da man ƙyallin nan da kafintoci ke kira banish. Mai aikin zai rantse maka cewa ƙyallin ya rufe komai, ko tuwo ka tuƙa a kai babu abin da zai same ka. Ban yarda ba. Muhawarar da ake yi a kan wane man ƙyalli ya fi dacewa da abinci ta tsallake tambayar farko: mene ne a cikin fentin da ke ƙasa?

Mutanen yammacin Zamfara sun fi kowa sanin nauyin wannan tambaya. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun zinariyar da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje cike suke da ita, ƙurarsu ta sauka a ƙasan da yara ke rarrafe da kwanukan da ake cin abinci. Yara kimanin 400 suka rasu. Ba fenti ne ya kashe su ba, amma dalmar da ke cikin dutse ita ce dai wadda ake zubawa a wasu fentukan mai domin launinsu ya fito, su kuma bushe da wuri.

A lura da yadda aka tsarkake ƙauyukan nan, har zuwa Bagega a 2013. Babban aikin shi ne kankare gurɓatacciyar ƙasa, a kwashe ta a binne a rami, a zubo sabuwa. Kawar da guba aka sa a gaba. To me ya sa a ɗakin girki muke ganin lulluɓe ta ya wadatar?

Masu kare wannan yayi za su ce man ƙyalli yana raba abinci da fenti. Gaskiya ne, amma na ɗan lokaci. Irin wannan mai ba ya zama amintacce sai ya gama ƙamewa, wanda kan ɗauki kusan wata guda, ba ranar da ya daina manne wa yatsa ba. Bayan haka kuma, kanta ba bango ba ce. Wuƙa na tsaga ta, tukunya mai zafi na ƙona ta, soson ƙarfe na cinye ta kullum. Da zarar ta tsage, ruwan tsamiya da lemon tsami da tumatir sai su ratsa, kuma tsami yana narkar da dalma. Mafi muni, mai gyara kan goge tsohon fenti da samfefa kafin ya shafa sabo, ya mayar da shi ƙura a ɗakin da ake dama kunun jarirai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa. Illar ba lallai ta zo da jijjiga ba. Takan zo a ɓoye, ta dakushe ƙwaƙwalwa har abada. Amurka ta hana dalma a fentin gida tun 1978. Ma'aunin da duniya ta amince da shi, wanda Najeriya ma ta ɗauka, shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Amma binciken da ƙungiyoyin SRADev da IPEN suka fitar a 2017 ya samu akasarin fentukan man da suka gwada a ƙasar nan sun zarce haddin. Ƙa'ida tana kan takarda, gwangwani yana kasuwa.

Saboda haka matsayina a fili yake. Inda abinci ke taɓawa, kada a sa fenti sam. Tayil ko mabul ko farantin ƙarfen da ba ya tsatsa sun fi, kuma katakon yanka marar fenti bai fi ƙarfin kowa ba. Wanda kantarsa ta riga ta sha fentin mai, kada ya goge ta a bushe. Ya cire ta, ko ya ɗora tayil a kai. Wanda zai sayi fenti ya nemi gwangwanin da aka rubuta babu dalma a jikinsa, ya guji na awo da ake ɗurawa a gora.

Mu da muka yi boko mu ake kwaikwayo. Abin da muka shafa a kicin yau, gobe shi za a shafa wa teburin mai ƙosai a bakin makaranta. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, balle ga waɗanda ƙaburburan Dareta ke maƙwabtaka da su.